Gwanin da Ya Sace Iskar Tayarsa

Tunda ka ce kai ba ka iya saukar da kai ga kowa, Malam Tanimu, gyara zama in ba ka misalin wani mai keke.

A wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani gwanin tseren keke, wanda ba mai shan gabansa a kan kwalta. Abu biyu yake taƙama da su, har ya ishi mutane da faɗinsu: tayarsa kullum cike take tam da iska, kuma tun da yake a duniya bai taɓa sauka ya tura keke a hawa ba, wai turi aikin ragwaye ne. Ran nan da sassafe aka bugo masa waya daga ƙauyensu, can kan dutse. Kububuwa ta sari ƙanensa a gonar dankali, har dasashinsa ya fara zubar da jini. Ma'aikaciyar asibitin ƙauyen tana nan, maganin ne babu. Ta ce a kawo kwalba uku, in ta matsa biyu ma sa yi, amma lallai a cikin ƙanƙara, don zafi na lalata shi. Ga shi ruwa ya tafi da gada, mota ba ta wucewa. Hanya ɗaya ta rage, tsohuwar hanyar burji ta masu haƙar kuza, wadda ke ratsa wani rafi inda ko babur sai ya tsaya, don babur ba a saɓa shi a kafaɗa. Gwani ya karɓo maganin a babban asibiti, ya sa shi a 'yar kula mai ƙanƙara, ya ɗaure ta a bayan sirdi, ya ƙara danna wa taya iska kamar ranar tsere, ya kama hanya.

Hanya shiru, ba mota ba babur, sai shanu can nesa da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashinsa. To, ita fa tsakuwa ba ruwanta da gwani. Taya mai tauri ba ta riƙe ƙasa, sai tsalle take tana zamewa, kwalabe na ta karo da juna a bayansa. Ya gamu da wani tsoho yana gangarowa a kan wani kwarababben keke, da buhun dankali a baya. Tsohon ya dubi tayar ya ce, "Ɗana, sace iskar nan kaɗan, in kana son kayanka su isa lafiya." Ya amsa da "To, Baba," amma a ransa cewa yake, yau ga ikon Allah, mai keken dankali ne zai koya mini keke? Bai yi nisa ba, a wata 'yar kwana mai gangara, tayar gaba ta kwashe, sai ga gwani rim a ƙasa. Gwiwarsa ta ɗaye, ko kallonta bai yi ba. Nan da nan ya buɗe kula. Kwalba ɗaya ta fashe, maganin ya bi ƙanƙara. Saura biyu, daidai abin da ma'aikaciyar ta ce ba a yi ƙasa da shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, don ya ga ran ƙanensa ne ya kusa zubarwa a kan tsakuwa saboda girman kai.

Nan ya durƙusa, ya sami tsinke, ya danna bawul da hannunsa, yana jin iskar da ya sha wahalar bugawa tana fita fuuu. Ya cire hularsa ya naɗe kwalaben biyu a ciki. Da ya hau, sai keke ya kwanta wa hanya, taya na riƙe tsakuwa maimakon faɗa da ita. Ya ce a ransa, ko da rarrafe ne, yau sai maganin nan ya isa. Ya ci hawa ɗaya, ya ci na biyu, rana na ɗagawa, ruwan ƙanƙara na ɗiga masa a ƙafa. A hawa na uku, wanda ya miƙe kamar bango, tayar baya ta fara juyawa a banza, keke na tangaɗi. Ga kuma matan ƙauyensu suna saukowa da itace a ka, duk sun san shi, sun san kurinsa. Ya dube su, ya waiwayi kula, ya sauka ya kama turi. Wata tsohuwa ta ce, "Af! Ashe gwani ma na turi?" Ya ce, "Yana yi, Inna. Ku ba ni hanya." A rafi ya ɗora kula a ka, ya saɓa keke a kafaɗa, ya ratsa ruwa iya ƙirji. Ana kiran azahar ya shiga ƙauyen yana ɗingishi, ba hula, laka har wuya. Ma'aikaciyar ta buɗe kula, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi goro ba, amma kwalaben biyu da sanyinsu. Kwana uku bayan nan ƙanensa ya tashi zaune ya nemi a dama masa kunu.

Da gwani ya sauko gari, ya mayar wa tayarsa iskarta, ya shiga tseren shekarar, kuma ba wanda ya sha gabansa. Turin da ya yi bai rage masa komai ba, ga kuma ƙanensa a bakin hanya yana tafa masa. Ka ji dalilin da ya sa Hausawa ke cewa, Malam Tanimu, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.