Manomin da Ya Fita Gandu

Wani mutum da aka ɗora wa harkokin waje a wata ƙasa da ba ta daɗe da samun mulkin kai ba ya je gaida tsohon malaminsa. Ya ce, "Allah gafarta malam, maƙwabta sun kewaye mu, kuma duk sun fi mu ƙarfi. Da me za mu fara?" Malam ya ce bari ya ba shi misali.

Wani manomi ne ya fita gandu, aka yanka masa gona tasa ta kansa a bakin daji. Murnarsa ba ta kwana biyu ba tsoro ya kama shi, don in amfanin bana ya salwanta, ba rumbun da zai buɗe. Gabas da shi akwai wani dattijo da ya shekara goma yana rigimar iyaka da mahaifin manomin. Arewa kuwa burtali ne, shanu na bi safe da yamma. Abokai suka ce ya kewaye gonar da ƙaya, ya nemi karnuka, kada ya sakar wa kowa fuska. Shingen dai ya yi shi, don ba a barin gona a buɗe. Amma da ya gama sai ya sayi goro ya nufi gidan dattijon nan. Ya durƙusa ya ce, "Baba, zo ka nuna mini inda taka ta tsaya." Suka taka iyakar tare. Dattijo ya ci masa kunya biyu daga cikin gonarsa. Manomin ya gani sarai, ya haɗiye, suka dasa gamba a tsakani. Kashegari ya je ruga suka yi magana da ardo, cewa shanu su kauce har a yi girbi, bayan nan kara nasu, taki nasa.

Kaka ta yi, ya yanke gero ya tara dammuna a gona. Ran kasuwa da azahar, yana can cikin gari, sai ya hango hayaƙi ya turnuƙe ta wajen gonarsa. Mafarauta ne suka sa wa daji wuta. Ya sheƙo a guje har takalmi ya fita, zuciyarsa ta gama yanke ƙauna. Da isowarsa ya tarar da makiyaya suna dukan wutar da ɗanyen reshe, 'ya'yan dattijo kuma suna kankare ciyawa da fartanya don ta rasa abin ci. Shingen ƙaya ya ƙone ƙurmus, dami bakwai sun tafi, amma sauran na nan lafiya. Ya tsaya yana haki. Dattijo ya goge toka daga gemunsa ya ce, "Kai, bar kallonmu, ɗebo mana ruwa."

Malam ya dubi baƙonsa ya ce, "Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, zumunta a ƙafa take."