Yayar Malam Nomau

Ranar Talata Barira ta kai mahaifinta, Malam Nomau, ɗakin tuni na asibitin garinsu. A can ake ɗora wa mutum wata farar hula, sai abin da zuciyarsa ta binne tun yarinta ya dawo masa. Shekarunsa saba'in, amma ko ƙarar ruwan rafi ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa, bai kuma taɓa sanin dalili ba.

Bai yi minti goma da hular ba ya fara magana, idonsa a rufe.

"Kwalekwale ya kife da mu. Ina ɗan shekara biyar. Wata yarinya ta ɗora ni a wuyanta, ruwa har bakinta, tana cewa, riƙe reshen nan, Nomau, kar ka saki." Sannan ya ce, "Sunanta Tabawa. Barira, ashe ina da yaya!"

"Baba, ba wanda ya taɓa faɗa maka?"

"Wa zai iya? Ni na fito, ita ba ta fito ba." Ya dafa ƙirjinsa. "Ikon Allah! Shekara sittin da biyar tana nan ciki, har muryarta."

Ma'aikaciyar ɗakin ta cire hular a hankali. "Baba, a sake rufe maka abin da ka tuna? Yawancin masu zuwa haka suke zaɓa."

Ya share hawaye da bakin rawaninsa.

"A'a, 'yata, bar mini ita. Yau zan fara yi mata addu'a da sunanta."