Batirin Keken Abba

Ku yi mini afuwa, wannan ne labarina na farko.

Doka ta ce duk mataccen batir a kai shi a narka. Rumasa'u ta turo na keken lantarkin marigayi Abbanta a baro.

"Baba, wai da gaske batir yana tuna hanya?" ta tambayi dattijon da ke karɓa.

Ya yi dariya. "Da can ne, 'yata. In an narka an sa wa sabuwar mota, sai ta yi ta tsayawa a ƙofar gidan mamaci, iyali suna kuka. Yanzu cakuɗa su muke, su manta."

Ta shafa batirin. Kullum shi ke kawo Abba ƙofar makarantarsu.

Dattijo na juyawa, ta lulluɓe batirin da gyalenta, ta sulale da baronta.