Jarkar Ungozoma

Ungozoma ta dire jarkar ruwa a kan teburin manajan gidan ruwa da ƙarfin da ya sa takardu suka zame ƙasa. Masinja ya biyo ta yana haki, yana rantsuwa cewa ya hana ta shigowa.

"Ya hana," in ji ta. "Ni ce ban hanu ba."

Tun da ruwan sama ya kankama, jariran unguwar gangare suke fama da amai da gudawa. Ita ta karɓi haihuwarsu, ita kuma ake kira idan idanunsu sun faɗa ciki. Da abin ya ishe ta, sai ta bi babban bututu da ƙafa har bayan mayanka, inda ta tarar ya tsage a tsakiyar kwata. Ta kai wa manaja magana. Washegari ya sa aka zagaya gari da lasifika ana shelar cewa an gyara bututu, ruwan famfo lafiyayye ne, ƙazantar iyaye mata ce take kashe yara. Ba a gyara komai ba. Ya dai ji tsoron kada labarin tsagewar ya kai sama, kujerarsa ta girgiza.

A ranar da ungozoma ta kawo jarkar, wata jami'ar bincike ta zo daga babban ofis. Manaja ya kai ta famfon harabar ofishinsa, wanda yake jan ruwa kai tsaye daga tanki tun kafin ya shiga bututun gari. Ta gwada, ta samu ruwa mai kyau. Yanzu jakarta tana kafaɗa, direbanta ya riga ya tayar da mota. Idan ta fita ƙofar nan, famfunan gangare za su ci gaba da zuba kamar jiya.

A kan benci, a kusurwar ofishin, 'yar manaja tana zaune da tsohon ciki, kwanon abincin rana a gefenta. Ba ta saba kawo masa abinci ofis ba, har ya yi mata faɗa kan hawa matakala. Duk da haka ta zauna. Ba ta kuma tafi ba.

Ungozoma ta fito da kofi daga jakarta, ta tsiyaya. Ruwan ya zubo garau, babu laka, babu wari. Wannan bai kwantar wa manaja da hankali ba, domin ya fi kowa sanin cewa abin da yake kisa a cikin ruwa ido ba ya ganinsa. Kuma duk wanda yake harabar ya ga matar nan ta hauro daga gangare. Ya dubi jarkar, ya tsaya ɗan lokaci a kan wani tabon ƙuna da yake jikin mariƙinta, sannan hankalinsa ya koma kan baƙuwarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji ungozoma, "ka ce lafiyayye ne. Bismillah."

Manaja ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. "Inna, yanzu na sha shayi."

"Shayi bai taɓa hana ruwa hanya ba."

Jami'ar ta sauke jakarta daga kafaɗa. Ta miƙa hannu wajen kofin, amma manaja ya tare ta da ladabi, yana cewa akwai na gora mai sanyi a firji, bai dace babbar baƙuwa ta sha daga jarkar da ba a san inda ta kwana ba. Sannan ya juya ga ungozoma, muryarsa ta sauya. Ya ce idan ba ta kwashe tarkacenta ba, 'yan sanda za su kwashe ta tare da su.

"Kira su," in ji ta. "Rabinsu ni na yanke musu cibiya. Su ma akwai kofi."

A lokacin nan ne 'yar manaja ta dafa bango ta miƙe. Ta tako a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta ɗauki kofin daga kan tebur.

"Baba, ƙishirwa nake ji."

"Ajiye."

"Ba kai ka sa aka yi shela ba?"

Ungozoma, wadda ko bokiti ta ga mai ciki ta ɗaga sai ta tara mata jama'a da faɗa, ta harɗe hannuwa ta zuba ido. Kofin ya tashi. Ya taɓa leɓe.

Manaja bai san lokacin da ya tsallake kujera ba. Ya buge kofin, ya daki bango, ruwa ya wanke hoton tankin gari da yake rataye.

"Kin haukace? Ruwan kwatar mayanka za ki ɗura wa jikana?"

Ana jin ƙarar motar da take jira a waje. Jami'ar ta leƙa ta taga, ta ce wa direba ya kashe inji. Ta umarci masinja ya kira mai kula da makunnin babban bututu ya rufe layin gangare nan take, ta kuma ce a shirya kai ta bayan mayanka da ƙafa.

Manaja ya zube a kujera, gumi yana bin wuyansa. Sai ya nuna ungozoma da yatsa.

"Ke ba ki da imani. Da ta sha fa?"

Ungozoma ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta goge shi da gefen mayafinta, ta sake cika shi, ta shanye tas.

"Da ta sha abin da take sha kullum," in ji ta. "Jarkar gidanka ce, kuma 'yarka ce ta cika ta da safe daga matatar ruwan da ka kafa wa iyalinka a ɗakin girki."