Ɗan Falalu Ya Dawo Utaibiyya

Mai tasi ya sauke Uzair a bakin wani lungu a unguwar Utaibiyya da ke Makka, ya ce mota ba ta shiga. Uzair ya ƙarasa a ƙasa yana ɗingishi, don gwiwarsa ba ta gama warkewa daga karon wasan ƙarshe ba. Bazarar 2014 ce, rana kamar za ta narka kwalta.

A Kanada masu kallon hokin ƙanƙara sun san shi. Baƙar fata ne cikin farare, yana zamiya a kan takalma masu kaifi da sanda a hannu, kuma masu sharhi sun fi yabon idonsa: duk inda kafa ta buɗe tsakanin masu tsaron baya, shi zai fara gani. Kulob ya saye shi tun bai cika ashirin ba.

Duk ɗan jaridar da ya tambaye shi asalinsa, amsa ɗaya yake samu. A Makka aka haife shi. Mahaifiyarsa Ruƙayyatu 'yar aiki ce a gidan wani likita, da likitan ya koma Kanada ya tafi da su. Ita ta riƙa tashi da asuba cikin dusar ƙanƙara tana kai shi horo. Mahaifinsa kuwa, Falalu, tela ne daga Maraɗi.

"Ya gudu ya bar mu ina ɗan shekara biyar," in ji shi. "Muna wasan ɓuya a gida, na same shi, na ci. Daga ranar ban sake ganinsa ba."

Ya faɗa a talabijin, ya faɗa a jarida. Ya cire sunan Falalu daga bayan rigarsa, ya sa na kakansa na wajen uwa. Ruƙayyatu ba ta taɓa gyara masa zance ba, sai dai in ya fara ta tashi ta shiga kicin. Bara ta rasu.

Ba kewa ce ta kawo shi ba. So yake ya tsaya gaban mahaifin nasa ya nuna masa abin da ya zama ba tare da shi ba.

A hawa na biyu na wani tsohon gini ya sami Gwaggo Hure, yayar mahaifinsa, tana ƙulla gyaɗa a leda. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta nuna masa tabarma.

"Ka makara, ya waladi, ɗana. Falalu ya rasu a Maraɗi shekaru biyu da suka wuce."

"Ya huta da kunya ke nan, Gwaggo," in ji Uzair da Hausarsa mai nauyi.

Ta ce duk hirarrakinsa Falalu ya ji, ana fassara masa a waya. Yakan saurara har ƙarshe, sannan ya koma kan kekensa na ɗinki.

"Bai taɓa musantawa ba?"

"Shi da kansa ya sa uwarka ta rantse ba za ta faɗa maka gaskiya ba. Ni ban rantse wa kowa ba."

Ta ajiye ledar. Ta ce Falalu ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ranar da ya ɓace masu kame sun cika lungun nan. Ya shige cikin tankin ruwan da ya bushe a saman rufi, ya ce da Uzair wasa ne, don kada yaro ya tsorata. Jami'an sun bincike gida ba su ga kowa ba, har sun kai ƙofa. Washegari Falalu yana gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

"To yaya aka yi suka same shi?"

Gwaggo Hure ta dube shi, babu tausayi a fuskarta.

"Ɗayansu ne ya durƙusa ya tambaye ka ko ka iya wasan ɓuya. Kana dariya ka kama hannunsa, ka hau da shi sama."