Inda Saƙon Ɗana Ya Fito

"Baba, zauna tukuna," in ji mai shagon intanet, bayan ya daɗe yana duba saƙon ɗana.

Tun da yaron ya bar gida bayan faɗanmu, imel kaɗai nake samu daga gare shi: wai ya tsallaka teku, ya sami aiki, kada in damu. A shagon nan ake buɗe mini. Yau na roƙi mutumin ya gano mini ƙasar da yake.

"Kwamfuta ba ta tura saƙo tsirara," ya ce. "Gutsuttsura shi take yi, ta naɗe kowane gutsure kamar ƙullin magani, ta rubuta lambar inda za shi da ta inda ya fito."

"To, daga ina wannan ya fito?"

Ya rage murya. "Lambar shagon nan ce, Baba. Kuma yanzun nan aka turo shi."

Na juya a hankali. A kujerar ƙarshe, can jikin bango, wani ramammen saurayi ya sunkuyar da kai, sanye da rigar da ɗana ya bar gida da ita.