Hannun Daudu Makaɗi

Karo na huɗu ke nan dodon yana kashe Daudu, kuma duk ta baya yake zuwar masa.

'Yarsa Zubaida ta ciji leɓe. Na'urar wasan ta mijinta ce, Shafi'i mai gyaran waya a Kazaure. 'Yar ƙarama ce, gilashi a tsakiya, maɓallai a gefe biyu. Da safe ta kwaso ta daga teburinsa, har da abin saƙala wa kunne da ta gani a kusa, ta hau babur zuwa gidan mahaifinta a Roni. Ba wasa ne ya kawo ta ba.

Daudu makaɗin kalangu ne, shekara arba'in da ɗoriya yana jan tawagarsa. Wata biyu da suka wuce, a wani biki a Gwiwa, mawaƙi ya ɗauko waƙa, 'yan amshi suka karɓa, sai kalangun Daudu ya shigo a makare. Har sau uku. Samari suka yi ta ƙunshe dariya. Tun ranar mataimakinsa Muhammadu Lawal yake yawo da magana, wai hannun tsoho ya mutu, gara a ba shi kalangun gaba a bikin da za a yi a garin Babura ranar Asabar. A tawagarsu kuwa, wanda ya sauka daga gaba ba ya komawa.

Zancen asibiti ba a ma kawo shi, Daudu ya rantse ba zai je ba. Shi ya sa Zubaida ta ƙulla wannan dabara: ta ga yatsunsa suna aiki da idonta, ba tare da ya san gwaji ake yi ba.

Ga shi gwajin yana neman ya karya mata zuciya. A cikin gilashin, wani ɗan mafarauci ne da takobi a daji, dodon kuma kamar kada mai fukafukai. Kafin ya kai hari sai ya yi gurnani, gurnanin da ya sa kajin gidan suka watse daga gindin tabarma. Daudu kuwa sai ya ci gaba da tura mafaraucinsa gaba hankali kwance, har a murƙushe shi.

"Wannan ba farauta ba ce, rashin kunya ce," in ji shi da ƙarfi, kamar yana magana da wani a ƙetaren titi. "Dabbar arziki ta gaba take zuwa."

Ta yi dariyar dole. A ranta kuwa tsoro ne. In har Muhammadu Lawal ya yi gaskiya, ba ta san abin da za ta yi wa mahaifinta ba. Mutumin da bai iya noma ba, bai iya kasuwa ba, bai iya zaman banza ba.

"Baba, akwai wani na kiɗa," ta ce. Ya kafa wa bakinta ido, sannan ya gyaɗa kai.

Injin niƙan maƙwabta ya tashi a lokacin, ya cika gidan da ƙara. Ta soka abin kunnen a na'urar, ta saƙala masa. Ta nuna masa da yatsa: ɗigo-ɗigo masu launi za su riƙa gangarowa tare da kiɗa, duk wanda ya iso kan layi sai a danna.

Waƙar farko ya zubar da rabi. A ta biyu kafaɗarsa ta hagu ta fara motsi, irin na mai matse kalangu a hammata. A ta uku sai yatsun nan masu kanta suka ɓalle. Ɗigon suna zubowa kamar ruwan Agusta, shi kuwa ko ƙiftawa ba ya yi, yana tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Da waƙar ta ƙare gilashin ya cika da taurari. Ko ɗaya bai kuɓuce masa ba. Shafi'i da kansa bai taɓa yin haka ba.

Hawaye ya zubo mata, ba ta ma goge ba.

"Yaya ka ji kiɗan nasu, Baba?" ta tambaya da ya cire abin kunnen ya dube ta.

"A'a, sun iya, sun iya," ya ce. "Wanda ya haɗa shi ya san hannunsa. Akwai wata 'yar ganga can ƙasa-ƙasa, ita ta fi burge ni."

Nan take ta kira Muhammadu Lawal a waya, ta gaishe shi sama-sama. Ta ce hannun Baba lafiyarsa ƙalau, ita shaida ce, kuma shi zai ja gaba ranar Asabar, wanda ke da ja ya zo ya gani a gaban jama'a. Ta faɗa da ɗaga murya don Baba ya ji daɗi. Shi dai yana can yana juya na'urar a hannu, bai ɗago ba.

Aka kira la'asar. Sai da ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa buta, ya miƙe.

Ta zauna a inda ya tashi, zuciyarta fes. Ta saƙala abin kunnen don ta ji 'yar gangar nan da ta burge Baba, ta danna waƙar. Ɗigon suka fara gangarowa. Ta ƙure sautin. Ta cire, ta sake sokawa. Sannan ta bi wayar da yatsa har ta iso inda ta tsinke a cikin robarta, tsohuwar tsinkewa har ta yi baƙi. Waƙa uku cur Daudu ya kaɗa cikin shiru bai ko sani ba, domin ba hannunsa ne ya mutu ba, kunnensa ne.